Faya-fayan da Inna Ta Shanya

Ni ne na fara jin waƙar, ba ƙanena ba. Na san wannan ba hujja ba ce a gaban kowa, amma da ita na daɗe ina kare kaina, don haka gara in fara ajiye ta.

A lokacin ina zama a rumfar Baba a kasuwa, muna sayar da yadi da atamfa da shadda. An cire ni daga makarantar boko tun ina firamare, don ni ne babba, kuma idon Baba ya fara rauni wajen awo. Ƙanena kuwa aka bar shi ya ci gaba har ya gama sakandare. Ban taɓa buɗe baki na ce komai ba. Amma duk safiya idan na ga ya rataya jakarsa ni kuma na ɗauki makullan rumfa, sai in ji hassada ta taso mini.

Idan Baba ya aike ni Sabon Gari kai wa teloli yadi, nakan bi ta gaban shagon wani Bayarabe mai gyaran rediyo, wanda yake kuma sayar da faya-fayan garmaho. Ya kafa babbar lasifika a bakin ƙofa, kiɗan Turawa na tashi har tsallaken titi. A nan na ji ta. Jita ce ke farawa ita kaɗai, a hankali, kamar ruwa na ɗiga daga indararo bayan an ɗauke. Sai ganguna su shigo gaba ɗaya, sai wani mutum mai dasasshiyar murya ya kama, mata na amsa masa daga baya. Na tsaya da yadin mutane a kafaɗa har ta ƙare. Ban ji kalma ko ɗaya ba. Duk da haka na koma kasuwa ina jin kamar an ba ni wani abu na ɓoye a aljihu.

Wata Juma'a bayan an sauko na ja ƙanena muka tafi, na roƙi mai shagon ya sa mana ita. Ina kallon fuskar ƙanena ina jiran ya yaba mini. Ana tsakiyar waƙar sai ya yi murmushi, ya gyaɗa kai, a daidai wani wuri da ni ban ji komai ba sai murya. Shi ya ji abin da mutumin ya ce. Tambaya ta zo mini har leɓe, na haɗiye ta. Babba ya tambayi ƙanensa? Daga ranar waƙar ta zama rabi tawa rabi tasa, kuma na ga kamar rabinsa ya fi nawa tsoka.

Sai kuɗin mai suka zo. Sojoji ke mulki, ofisoshi na ta buɗewa, duk wanda ya riƙe takardar sakandare ana nemansa. Ƙanena ya samu aikin akawu. Bai daɗe ba aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, garin ya rikice da babura da rediyo da firiji. Mu ma a kasuwa mun sayar da yadi irin wanda ba mu taɓa sayarwa ba, sai dai ni abin da ke zuwa hannuna shi ne tuwo da ɗinkin Sallah, sauran na aljihun Baba ne. Wata rana na dawo gida na tarar da kurar 'yan dako a ƙofa, ana sauke wani dogon akwatin katako mai ƙafafu, yana ƙyalli kamar kayan ɗakin amarya. Garmaho ne mai aiki da lantarki. Faifan farko da Akawu ya saya, sunan da na koma kiran ƙanena ke nan, shi ne na waƙata.

Ɗaki ɗaya muke kwana, na kusa da zaure. Baba ya yarda da garmahon bisa sharaɗi: ba a kunnawa lokacin salla, ba a kunnawa da azumi, kuma kada murya ta kai cikin gida. Ranar Asabar da Lahadi bayan la'asar abokansa kan cika ɗakin, da wanduna masu faɗin baki suna sharar ƙasa, da takalma masu tudu, da suma kamar kwando. Su zauna har kan gadona. Faya-fayan suka yi ta ƙaruwa, na Turawa da na baƙaƙen Amurka, masu sanyi da masu hayaniya. Idan amshi ya zo sai su ɗauka tare, ni kuma ina gefe na haɗe fuska kamar limamin da aka yi wa dariya a sahu.

"Kun ishe mu da kukan Turawan ga," nakan ce. "Mutum awa an taka mai wutsiya."

"Yaya, to ƙahwarka mi taka yi?" in ji wani dogo daga cikinsu, mai yawan tsokana. "Tun ɗazu yatsanka ka bugun ƙasa."

"Sauro na."

"Sauron ga ya iya kiɗi, wallahi!"

Su yi ta dariya, ni ma in ɗan saki baki. Amma a raina ina cewa: ku da kuke rerawa, wa ya kai ku? Ba don ni ba da har yanzu ba ku san da ita ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Akawu ba shi da rowa. Da ya hana ni taɓawa, da na samu abin riƙewa. Sai ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake riƙe faifai ta gefe don kada yatsa ya ɓata shi, da yadda ake sauke allura a hankali.

"Yaya, in ba ni nan ka kunna abinka, kayanka na," ya ce. "Abu guda dai, kar rana ta gan su. Mai shagon ya ce ko kusa da taga ba a aje su, lanƙwashewa su kai."

Na ce masa ni ba ni da lokacin shirme. Amma kullum da rana idan na zo ɗaukar abincin Baba, nakan shiga in tura ƙofa, in rage murya, in sa waƙata. A tsaye nake sauraro, don kada gado ya nuna an zauna. A ɗan wannan lokacin ni ne mai garmaho, ni ne mai albashi, har nakan motsa baki kamar na san kalmomin.

Inna tana da wata al'ada da ta gada daga tata uwar. Idan bazara ta kai maƙura, kafin ruwan farko, sai ta zaɓi rana guda ta kwashe kayan kowane ɗaki ta baza a tsakar gida. Katifu, barguna, tabarmi, akwatunan tufafi, har littattafan Baba takan buɗe su ta jera. Ta ce rana ce maganin gara da asu da kuɗin cizo, kuma gidan masu yadi bai kamata ya yi wasa da ƙwaro ba. Ba ta neman izinin kowa. Duk wanda ya tashi a gidan ya san akwai ranar da zai dawo ya tarar da matashin kansa yana shan rana.

Ranar na shigo da azahar, zafi kamar ana hura wuta, ƙasa ba ta takuwa ba takalmi. Na tarar da tsakar gida cike. Inna na durƙushe a ƙofar ɗakinmu, kwalin faya-fayan na gabanta. Gara ta yi gini a bango bayan kwalin, har ta fara cin gefen jakunkunan takarda da ake sa su a ciki. Inna ta zare kowane faifai, ta goge shi da ɗanyen tsumma, ta tara a kan zanenta. A gefe akwai wani fallen kwano da ya rage lokacin rufin ɗaki, wanda take shanya tattasai a kai.

Ta ɗago ta dube ni, gumi na bin goshinta.

"Yauwa, gara da ka zaka. Dubi ɓarnar da gara taka shirin yi ma yaron ga. Waɗanga baƙaƙen abubuwan, ana shanya su?"

Na ji tambayar sarai. Na kuma ji muryar Akawu a kunnena, kalma bayan kalma. Ba mantuwa na yi ba, ba kuma ruɗewa ba.

"Ban sani ba, Inna," na ce. "Ba kayana ba na."

"To," ta ce. "Rana dai ba ta ɓata kaya, gyara su ta kai."

Ta fara jera su a kan kwanon ɗaya bayan ɗaya, tana barin tazara don kowanne ya samu rabonsa. Na ga nawa, mai jan tambari a tsakiya, ta ajiye shi a layin gaba. Hannuna ya motsa. Na ce a raina in ɗauke wannan kaɗai. Sai na ga idan na ɗauke shi dole in faɗi dalili, idan na faɗi dalili duka za su tsira, ranar Asabar kuma dogon nan ya sake zama a kan gadona yana rera abin da ban sani ba. Na ɗauki kwanon abincin Baba na fita.

A kasuwa na yi ta kuskuren awo har Baba ya tambaye ni ko zazzaɓi nake. Na yi niyyar komawa. Masu saye suka zo, na ce bari in sallame su. Na riƙa leƙa sama ko hadari zai taso, ni da na san a wannan watan ko tsuntsu ba ya yi wa Sakkwato inuwa.

Da la'asar muka dawo tare da Baba, shi ya tsaya a zaure yana alwala, ni na shige. Akawu ya riga ni da kaɗan, ko jakar ofis bai ajiye ba. Yana tsaye a gaban fallen kwanon. Faya-fayan sun tattare, gefensu ya ɗaga, kamar fatar akuya da aka shanya ba a kafe ta ba. Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya ɗauki wani. Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu tana murmushi, tana shirin ba shi labarin garar da ta kora.

"Inna, wa yas sa ki?" Muryarsa ta tashi har kaji suka watse. "Wa yac ce ki taɓa man kaya? Abin da ba ki sani ba ki bar shi mana! Dut kin kashe su! Komi sai kin sa hannu?"

A gidanmu ba a taɓa jin haka ba. Inna ta tsaya, murmushin bai gama barin fuskarta ba. Sai ta juyo ta dube ni. Sau ɗaya, ba da harara ba. Na jira ta ce ai na tambayi yayanka. Ba ta ce ba. Ta dubi ƙasa ta ce, "Ka yi haƙuri, ban sani ba," ta koma madafa.

Baba ya shigo, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Bai daki kowa ba, bai ma ɗaga murya ba.

"Abin da za ya sa ɗa ya ɗaga ma uwatai murya ba ya zama gidana," ya ce. "Gobe in na hito kar in gane shi."

Kafin magariba Akawu ya dawo hayyacinsa. Ya durƙusa a ƙofar madafa yana kuka kamar ƙaramin yaro, Inna na cewa ya tashi, ta yafe, ba komai. Ina tsaye a bayansa. Wuri ne da magana ɗaya daga bakina za ta raba nauyin gida biyu. Na yi shiru, har na dafa kafaɗarsa kamar mai ba da haƙuri.

Washegari kura ta zo ta ɗauki garmahon, Akawu ya ba dogon abokinsa kyauta. Ɗakin ya yi faɗi. Asabar ta zo ba wanda ya zauna mini a gado. Abin da nake so ke nan, na samu, sai na rasa inda zan sa kaina. Da azahar in shigo ɗaukar abinci, ƙafata ta kai ni ɗakin da kanta, in tarar da sawun ƙafafun akwatin a ƙasa.

Faya-fayan kuwa Akawu ya zuba su a juji. Na tsince su a ɓoye na kai rumfa, na jera su ƙarƙashin dilolin yadi, ina ganin nauyi zai miƙar da su kamar yadda yake miƙar da shadda. Da damina ta yi nisa na zaro mai jan tambarin. Ya ɗan kwanta, amma bai miƙe ba. Na kai wa Bayaraben na ce ya gwada. Ya ɗaga shi ya hango ta gefe, ya yi dariya.

"Wannan ya mutu, aboki. Wa ya dafa shi?"

Ya dai sa. Allura ta riƙa hawa da sauka kamar kwalekwale a gulbi. Jitar ta fito tana layi, muryar mutumin ta ja ta sake, ta ja ta sake, kamar mai kuka yana ƙoƙarin dannewa. Mai shagon ya kai hannu zai cire, na ce ya bari ta ƙare. Wannan ne jina na ƙarshe da ita a zamanin. Tun daga ranar idan ta zo mini a kai, da layin take zuwa.

Akawu ya nemi canjin wurin aiki aka tura shi Kaduna. Yakan zo da Sallah. Ya yi aure, ya yi mota, amma ban sake jin kiɗa a kusa da shi ba. Idan labarai suka ƙare a rediyon motarsa sai ya kashe. 'Ya'yansa sun tashi suna cewa babansu ba ya son waƙa. A ciwon Inna na ƙarshe na ji shi da kunnena yana sake neman gafararta a kan maganar, tana ce masa ita ta ma manta. Ni kuwa ba ta taɓa tayar mini da zancen ba. Abu ɗaya na lura da shi: daga ranar ba ta sake tambayata ko ana yin abu ko ba a yi ba. Ko maganin sauro za ta fesa, sai ta aika a tambayi maƙwabta.

Ko a wannan ma sai da na yi masa hassada. Shi ya yi laifinsa a fili, ya yi kuka, an yafe masa a gaban kowa. Ni nawa ba wanda ya nema, balle a yafe.

Yanzu duk mun tsufa. Ya yi ritaya ya dawo, yana zaune a Tudun Wada, ni kuma na bar wa yara rumfa, sai dai in je in zauna. Wata Lahadi ina zaune a can, rediyon maƙwabcina na kunne, ana shirin tsofaffin waƙoƙi. Sai na ji jitar nan. Tas, ba layi, ba ƙarar allura. Na ji ƙanshin man gashin abokan Akawu, na ga wandunan nan masu sharar ƙasa, na ga Inna da muciya. Yawancinsu suna ƙarƙashin ƙasa, har da dogon. Waƙar kuma ta yi mini baƙo, kamar mutumin da ka sani da ɗingishi ka gan shi yana tafiya daidai.

Bayan la'asar na hau keke mai ƙafa uku na tafi gidansa. Na same shi a kan tabarma a ƙofar gida yana yanke farce. Muka gaisa, ya sa aka kawo mini ruwa.

"Akawu, ranar da Inna tas shanya faya-fayanka."

Ya ajiye rezar. "Yaya, mi ya kawo wagga magana?"

"Ta tambaye ni. Kahin ta jera su sai da tat tambaye ni ko ana shanyawa. Nic ce ban sani ba."

Ya daɗe yana kallona. "Ka manta na?"

"Ban manta ba."

Wani mai babur ya wuce ya yi mana sallama, ba wanda ya amsa.

"Don mi?" ya ce.

"Kai an ka bari makaranta. Kai ka jin abin da suka cewa. Ni ko ni nih hwara jin ta."

"Waƙa?" Ya yi wata dariya marar daɗi. "Yaya, tun ina saurayi nike ganin kaina mugun ɗa. Ko biki na tahi in an hwara kiɗi tashi ni kai. Ashe kana nan da rabin kayan cikin aljihu."

"Ka yahe man."

Ya ɗauki rezar, ya sake ajiyewa. "Ihun dai nawa na, ba kai kas sa man shi baki ba. Wanga ba ni ɗora maka. Amma shirun da kay yi sadda nike durƙushe, hannunka bisa kahwaɗata, wanga ba ni cewa na yahe yau. In nic ce, ƙarya ni kai. Ka bar ni in kwana da shi."

Na ce na ji. Na fara laluben takalmina. Sai na ga idan na tashi yanzu, akwai sauran abu ɗaya da zan mutu ban yi ba.

"Akawu. Mi mutumen yaka cewa?"

"Wane mutum?"

"Na cikin waƙar. Mai jan tambari."

Ya buɗe baki. "Kai, Yaya! Dut shekarun ga ba ka sani ba?"

"Ban tambaya ba."

Ya girgiza kai, ya dubi titi. Na ɗauka ba zai faɗa ba. Can ya ce wani direba ne motarsa ta mutu a daji, ya kama hanya a ƙasa zuwa garin matarsa, yana ta lissafa abin da zai gaya mata idan ya isa, matan da ke amshi kuma suna ce masa ya dai yi sauri.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Mi kaka zato, wa'azi?"

Ni da na ɗauka wani babban al'amari ne. Amma ko a lokacin sai da tsohuwar hassadar nan ta motsa mini, don na ga shi bai rasa komai ba. Faifai ya lanƙwashe, garmaho ya tafi, amma direban da matarsa suna nan a kansa duk tsawon shekarun. Allah Ya shirye ni, ban san ranar da wannan hali zai bar ni ba.

Na fara yin jitar da hanci, a hankali. Bai hana ni ba. Da na kai inda murya ke shiga sai na ji ya kama, can ƙasa-ƙasa, da Turancinsa na ofis da haƙoransa da suka zube. Ya yi layi ɗaya ya tsaya.

"Ba haka take ba, Yaya. Mi ya sa kaka ja kana saki?"

"Haka nis san ta."

"To taka ta sha rana," ya ce. Ya leƙa cikin gida ko matarsa na kusa, ya gyara zama. "Sake ɗauko ta daga hwarko. Kar ka yi sauri."